Fensirin Mai Hoto

A Zariyar ƙuruciyarmu ba haka kawai mutum ke tashi ya ɗauki hoto ba. Sai da dalili: ko Sallah, ko aure, ko shiga makaranta, ko kuwa kujerar Makka ta samu ana neman na fasfo. Kakanmu na wajen uba ma, duk cikin dalilan nan na ƙarshen kaɗai ya yarda da shi, shi ma a kan dole. Cewa yake hoto na hana mala'iku shiga ɗaki, shi kuwa ba shi da baƙin da suka fi masa su. Kakarmu tsoronta daban ne. Ta ji an ce na'urar tana zuƙar jinin mutum, wai shi ya sa duk wanda ya fito daga wurin mai hoto za ka ga yana ƙifte-ƙifte. Shekarar da Allah ya kira su Makka, tare suka shiga motar haya zuwa Sabon Gari, tsoho yana ta istigfari, tsohuwa kuwa sai da ta sha fura ta ƙoshi kafin su fita, don in an zuƙa a bar mata saura.

Mai hoton gidanmu wani Bayarabe ne, dattijo mai tsaga uku-uku a kumatu, wanda jirgin ƙasa ya kawo Zariya tun yana saurayi. Kowa Baba Mai Hoto yake ce masa, ban taɓa jin wanda ya tambayi sunansa na yanka ba. Shagon ba shi da nisa da tasha, kana ciki kana jin kukan jirgi da hayaniyar 'yan dako. Daga bakin ƙofa ƙamshin jama'a ne ke tarbarka: Binta Sudan, hoda, man shanun kitso, sabuwar shadda da ta sha bugu. Kana matsawa ciki sai wani wari ya karɓe, mai tsami-tsami, mai kama maƙoshi, yana fitowa ta ƙarƙashin baƙin bargon da aka rataya a ƙofar ƙuryar ɗaki. Har yau in na bi ta inda ake wanke hoton ƙashi a irin tsofaffin asibitocin nan, na shaƙi warin, sai in ji ni da gajeren wando.

Labule uku gare shi, manya, an zana su da fenti. Ɗaya jirgin sama ne ya buɗe ƙofa ya sauke tsani. Ɗaya gidan bene ne mai baranda da bishiyar kwakwa, irin wanda babu ko guda a unguwarmu. Na ukun Ka'aba ce, alhazai kan tsaya gabanta bayan sun dawo da haƙorin Makka, wasu kuma tun kafin su je, don a sa rai. A gefe ga ɗan tebur da baƙin tarho wanda igiyarsa ba ta zuwa ko'ina, da fulawar roba, da rediyon da ya daina magana tun zamanin Sardauna, da agogon hannu da tabarau na aro. Ranar Sallah, in an taso daga kallon hawa, mukan haɗa kuɗin barka da Sallarmu mu biya na hoto ɗaya. Rigimar duk a kan wanda zai riƙe tarho take. Wanda ya rasa tarho ya samu tabarau, wanda ya rasa tabarau ya ɗaura agogo ya naɗe hannun riga don kada a yi asara. In hoton ya fito sai ya riƙa kwana gida-gida, har uwar wani ta ƙwace ta jefa a adakarta, magana ta ƙare.

Ba a dariya a hoto a lokacin; buɗe haƙora gaban na'ura rashin kamun kai ne. Baba zai zo ya kama haɓarka da yatsu biyu masu sanyi da warin magani, ya juya ta kaɗan, ya gyara maka karin hula, ya ja da baya ya duba, ya dawo ya sauke maka kafaɗa ɗaya. Kyamararsa Yashica ce mai ido biyu, ɗaya bisa ɗaya, wadda ake riƙewa saitin cibiya a leƙa ta sama, saboda haka ko almajiri zai ɗauka sai ya sunkuyar masa da kai. Fim ɗinta hoto 12 kacal yake ci, don haka babu “bari a sake”. In ka ƙifta, ka ƙifta ke nan har jikoki. Sai ya ce, da Hausarsa mai karkata, “Yaro, dawo jibi.” Jibin nan kuwa ba ya zuwa sai fim ya cika. A idonmu dai layinsa ɗaya da wanzami da tela da mai gyaran keke, a wajen saɓa alkawari ma ya fi telan.

Ɗansa ajinmu ɗaya a firamare, ta nan na samu shiga bayan bargon. Aikina ɗebo ruwa, don wankin hoto na cin ruwa ba kaɗan ba; in ba a ɗauraye takarda sosai ba, bayan 'yan shekaru sai ta yi rawaya ta dushe. Ciki babu taga, jan ƙwan lantarki ɗaya ne ke ci, gumi na bin gadon bayanka. Ga faranti uku masu zurfi a jere, kowanne da ruwan maganinsa: na farko ya fito da hoto, na biyu ya tsayar da aikin na farko, na uku ya zaunar da shi yadda haske ba zai ƙara taɓa shi ba. Ga kuma wata na'ura mai dogon wuya da ake sa dodon hoto a cikinta ta hasko shi a kan farar takarda. Baba zai kunna ta yana ƙirga da Yarbanci ƙasa-ƙasa, ya kashe, ya tsoma takardar a faranti na farko yana girgiza shi a hankali. Da fari ba komai. Can sai ɗigo biyu baƙaƙe, idanu ke nan, sai gira, sai hula, sai ga mai naman bakin kasuwa gaba ɗayansa yana kallonka daga cikin ruwa. Ranar farko salati na rafka da ƙarfi, Baba ya ce in na sake firgita shi zan koma waje.

Abin da na daɗe ban gane ba shi ne rawar da hannunsa ke yi cikin hasken nan yayin da yake ƙirga. Ashe matsalar tamu ce ta gida: baƙar fuska da farar riga. Mutum ya sa babbar riga fara sol, mai aska takwas, wadda maɗinki ya yi wata da watanni yana zuba mata allura, fuskarsa kuma ga ta cikin inuwar rawani. In aka ba takarda hasken da zai fito da aikin rigar, fuska ta nutse, sai fararen idanu. In aka bi fuska, riga ta zama fili, aska takwas ta ɓace, mai riga kuwa don ita ya zo. To Baba yana da wata 'yar waya da ya liƙa wa guntun kwali a baki. Da ita yake tare wa fuska haske, yana kaɗa ta don kada gefen inuwar ya nuna. Sannan ya dunƙule hannu ya bar 'yar kafa tsakanin babban yatsa da ɗan ali, ya zuba ƙarin haske ta nan a kan ƙirjin rigar kaɗai. Ba ma'auni, ba littafi. Ko daga dodo ɗaya ya wanke hoto biyu, ba sa fitowa daidai da juna.

Da rana, in jama'a sun tsagaita, sai ya fito da wani ɗan akwati mai gangare, da rami a tsakiya da madubi a baya yana turo hasken ƙofa. Ya ɗora dodo a kan ramin, ya ɗauko fensirinsa. Fensirin nan ban sake ganin irinsa ba: ya fere katakon ya bar bakin ya kai tsawon gaɓar yatsa, ya goga shi a samfefa har ya yi tsini siriri. A dodo komai a juye yake, saboda haka baƙin tabo fari yake fitowa. Sai ya bi shi da ɗigo ƙanana, ɗaya bayan ɗaya, numfashinsa a riƙe, har wurin ya saje da sauran fata. Inda ya yi duhu da yawa ya kankare da bakin reza. Wanda ya ƙara kuɗi kuma a yi masa kala da auduga a bakin tsinken ashana: kore a hula, ja kaɗan a leɓe, ruwan zinariya a 'yan kunne. Akwai hoton Goggonmu da har yau zaninta shuɗi ne, alhali kowa ya san ja ta ɗaura ran nan. Shuɗin ne ya rage a kwalba.

Iyayen 'yan mata su ne manyan masu neman wannan aikin, musamman in za a aika wa manemi da ke nesa, soja a bariki ko ɗan kasuwa a Ikko. Uwa za ta matso ta rage murya: “Baba, a ɗan taimaka mata.” Shi kuma ya ce, “Zan taimaka, Iya, amma sai na bar wa ango abin da zai gane ta da shi ran buɗar kai.” Yakan share ƙuraje, ya rage zanzanar agana, wadda a lokacin ba ta da wuyar gani a fuskokin manya. Abu ɗaya ne fensirinsa ba ya taɓawa: tsaga. Bille ne, ko kalangu, ko 'yar baka, yadda wanzami ya yi ta haka za ta fito. Na taɓa tambayarsa dalili. Ya shafa kumatunsa ya ce, “Wannan ba ciwo ba ne, yaro. Adireshin gidansu ne.”

Har haɗa waɗanda ba su taɓa tsayawa tare gaban kyamara ba yakan yi. Mace ta kawo ɗan hoton fasfon mijinta da ya rasu, ya yanke shi da almakashi, ya liƙa kusa da nata, ya bi gaɓar da buroshi, ya sake ɗaukar su hoto guda, ta tafi ta rataya. Bayan an kashe Janar Murtala ranar 13 ga Fabrairun 1976, kwana da kwanaki ba mu yi wani aiki ba sai nasa. Daga jarida Baba ya ɗauko fuskar, ya gyara ta, muka yi ta wankewa, direbobi da 'yan tebur suna saye suna liƙawa. Ruwan da na ɗebo a kwanakin nan, Allah kaɗai ya san yawansa.

Duk wannan bai taɓa sa wani cikinmu ya kira abin fasaha ba. Fasaha a Samaru take, a jami'a, inda ake koyar da zane, inda na ji daga baya su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958, tun wurin yana kwaleji. A tunaninmu sai mutum ya tara gashi, ya ɓata riga da fenti, ya zana abin da ba a gane kansa ba. Shi kansa Baba da za ka kira shi ɗan fasaha, ɗauka zai yi bashi kake nema.

Na girma, na yi koyarwa, har na fara furfura, sannan wani abokina ya zo mini da wata mujalla daga Yamai mai ɗauke da hotunan Seydou Keïta na Bamako. Ina buɗewa sai ga rediyo, ga tabarau, ga saurayi riƙe da fulawa da alƙalami a aljihu don a gani. Keïta ya buɗe shagonsa a 1948, da hasken rana yake aiki a tsakar gida, labulensa na farko ma shimfiɗar gadonsa ce. Ya yi ta ɗaukar mutanen Bamako har wajen 1962, lokacin da gwamnatin Mali ta ɗauke shi aiki, dodanninsa kuma ya adana su da kyau. A 1991 aka rataya wasu hotunansa a wani baje koli a New York, aka rubuta a ƙasa cewa ba a san wanda ya ɗauka ba. Wani Bafaranshe, André Magnin, ya bi sawu har Bamako, ya nuna wa Malick Sidibé, wani mai hoton da ke haɗawa da gyaran kyamarori, shi kuwa ya ce ai na Keïta ne, yana nan da ransa. A 1994 aka yi masa baje koli nasa na kansa a Paris. Sidibé ɗin ma rabonsa na tafe: a 2007 bikin fasaha na Venice a Italiya ya ba shi Zakin Zinariya na aikin rayuwa, shi ne mai hoto na farko da ya samu.

Na daɗe ina juya wannan labari. Hoton dai bai canja ba tsakanin adakar mai shi da bangon Paris. Girma ne ya ƙaru da wurin rataya: ɗan kati ya zama faffaɗa, aka ba shi farin bango da fitila, aka ce a yi shiru. Amma ba zan ce bango ne kaɗai ya yi aikin ba. Duba yadda Keïta ke kishingiɗar da mace mai atamfa gaban labule mai wani adon daban, ado kan ado, ido ya kamata ya rikice, amma sai ya tafi kai tsaye kan fuskarta da yadda ta ajiye hannu. Mutum ne ya tsaya ya duba, ya ƙi wani abu ya yarda da wani. Baba Mai Hoto bai kai nan ba, in za a faɗi gaskiya; mafi yawan aikinsa fasfo ne na neman tuwo. Amma akwai ranakun da wata fuska kan kama shi. Sai ka ga ya manta da layi, ya sa an matsar da kujera bakin ƙofa inda haske ke shigowa ta gefe, ya yi ta kai da kawo har mutum ya gaji ya saki jiki, a nan zai danna. Irin waɗannan yakan wanke biyu, ya ba mai shi ɗaya, ɗaya ya maƙale a gilashin gaban shago bai ce wa kowa komai ba.

Kala ce ta fara kashe masa kasuwa. A shekarun 1980 injinan wanke hoto mai kala suka shigo manyan garuruwa, ka kai fim da safe ka karɓa da yamma. Mun yi murna, har da ni. Ba mu damu ba don fuskokinmu na fitowa wani lokaci ja, wani lokaci toka-toka; sai daga baya na karanta cewa shekaru da yawa katin gwajin da ake daidaita kalar injinan da shi, hoton Baturiya ne a jiki. Samari masu rataye da kyamara suka cika gidajen biki, su ɗauke ka kana tsakar loma, gobe su kawo ka biya. Baba ya zama ɗan aike tsakanin abokan cinikinsa da inji, fensir ya koma rubuta bashi. Daga baya ya tattara ya koma garinsu, can ya rasu. Da na haɗu da ɗan nasa na tambaye shi dodannin nan da ke jibge kwali-kwali a saman kabad, fuskokin Sabon Gari da Tudun Wada da cikin birni. Ya ce damina ta ci wasu, gara ta ci kwalayen, saura yara sun kwashe suna haska su da tocila suna wasan majigi. Ba wanda ya zo daga Paris. Mu da ke kusa ma ba mu zo ba.

Photoshop kuwa, wanda wa da ƙane, Thomas da John Knoll, suka ƙirƙira, kamfanin Adobe ya fitar a 1990, bai iso layinmu sosai ba sai bayan zuwan wayar salula a 2001, lokacin da kowane lungu ya samu shagon kwamfuta da janareto a ƙofa. Nan aka shiga zamanin kalandar biki: amarya a cikin zuciya, zuciya a cikin fure, fure a saman dogon benen Dubai, ango yana leƙowa daga gajimare. Na yi dariyarsu ba kaɗan ba, ni da na taɓa yin kuka a kan tarhon da ba ya kira. Jirgin Baba ne ya dawo, sai dai yanzu ba a ganin fentin. A da, mai hoto da wanda ake ɗauka da wanda za a nuna wa duk sun san jirgin labule ne, wasa ne da aka yarda da shi, fuskar kuwa ta mai ita ce. Yanzu sai aka koma kan fuskar. Lokacin zaɓe ka ga fastar ɗan takara a bango, fari tas, kumatu sumul, ran da ya zo kamfe mutane suna leƙen bayansa suna jiran mai fastar ya fito.

Innarmu hoto ɗaya ta bari, Baba ne ya ɗauka, tana zaune ta ɗora hannu a gwiwa. Rufin ɗaki ya yi yoyo wata damina, ruwa ya shiga firam ɗin, ya ci gefen fuskarta da rabin billenta da bakin mayafi. Na kai wa wani yaro mai shagon kwamfuta. Yaron kirki ne, ya ba ni kujera, kafin in gama gaisawa da maƙwabcinsa har ya gama. Ya juyo mini da allon yana murmushi: “Baba, na goge mata duk tabon nan, na ƙara mata haske.” Wata kyakkyawar mace ce fara, mai santsin kumatu, ba bille, ba ɗan karkacewar leɓen nan da Inna ke yi in tana danne dariya. Na biya shi na gode masa, don ya yi iyakar abin da ya san ana so. Da na kai gida ƙanwata ta karɓa ta duba ta ce, “Yaya, wannan a wane fim ta fito?”

'Yarta ce ta karɓi aikin, wadda ta yi karatun zane, take kuma gyara wa masu hoton biki aikinsu. Ta sa na zauna kusa da ita. Ta buɗa hoton har fuskar ta wargaje ta zama 'yan ƙananan murabba'ai, ta shiga tambaya. “Kawu, billen nan a ina ya tsaya?” “Kawu, wannan duhun inuwa ce, ko haka fatarta take?” Ta riƙa ɗebo fata daga kuncin da ya tsira tana dasawa a wanda ruwa ya ci, ɗigo-ɗigo, in ya yi santsi da yawa ta koma baya ta mayar masa da ɗan kaushinsa. A bakin mayafi, inda babu abin da ya rage, ba ta ƙirƙiro ado ba, ta bar shi ya shige cikin duhu. Har wata karaya da ke kusurwar takardar ta ƙi cirewa, ta ce ai ita ma tare suka tsufa. Muka yi la'asar, muka yi magariba, aka ɗauke wuta aka kawo.

Ana cikin haka na lura da wasu 'yan alamomi a gefen allon da take yawan taɓawa. Ɗaya ɗan da'ira ne a bakin tsinke, ɗaya kuma hannu ne a dunƙule da 'yar kafa tsakanin babban yatsa da ɗan ali. Na ce ta tsaya. Na tambaye ta ko ta san abin da ya sa aka zana su haka. Ta ce ita dai ta san na farkon yana ƙara haske, na biyun yana ƙara duhu. Wayar Baba ce da guntun kwalinsa, da hannunsa, waɗanda suka rubuta manhajar suka ɗauko daga ɗakin duhu suka ajiye a nan. Na gyara zama na yi mata bayani tun daga jan ƙwai har faranti na uku, na ƙara da abin da ba ta tambaya ba. Ba kullum tsoho ke samun abin da zai koya wa 'yan zamani a kan kwamfuta ba, saboda haka ban yi sauri ba.

Ita ma ba ta bar ni na tafi da nasara ba. Ta ce ai gyaran hoto kusan sa'an hoton ne: tun 1857 Oscar Rejlander a Ingila ya haɗa dodanni sama da 30 ya fitar da hoto ɗaya, aka yi ta gardama a kansa, Sarauniya Victoria kuwa ta sayi kwafi. Ta nuna mini wani na Bajamushe Andreas Gursky, kogin Rhine ne kawai, ruwa da ciyawa da sararin sama a shimfiɗe layi-layi. Akwai masu yawo da karnuka da ginin masana'anta a wurin, ya share su da kwamfuta, aka sayar da hoton dala miliyan 4.3 a 2011. Na ce to ashe a kan abin da ya cire aka biya shi. Ta ce, “A kan sanin abin da zai cire dai, Kawu.” Na ce wannan Baba ma ya sani, kuma kwabbai yake karɓa.

Yanzu an wuce nan ma. A 2023 wani Bajamushen, Boris Eldagsen, ya ci wani rukuni na babbar gasar hoto ta Sony da hoton mata biyu da ba a taɓa haifa ba, kwamfuta ce ta ƙaga su, ya kuma ce ba zai karɓi kyautar ba, don abin da ya kawo ba hoto ba ne. Ban ce irin wannan ba zai zama fasaha ba. Masu ido za su samu abin yi da shi. Ni dai abin da na saba da shi, akwai wani da ya yi wanka, ya shafa turare, ya taka ya je ya zauna gaban wani, su biyun suka ɗan ji nauyin juna.

Jikata, wadda ba ta gama firamare ba, ita ce mai hotona yanzu. Ran Sallar da ta wuce ta tsare ni a zaure: “Angona, tsaya, yi dariya.” Kafin in gyara hula ta ɗauka ba adadi, ta zauna tana shafa waya da yatsa. Ta miƙo mini wani saurayi mai baƙin gemu, fata luwai-luwai, haƙora cif-cif har da wanda aka cire mini bara. Kakarta ta karɓa ta daɗe tana dubawa, ta ce in dai ana samun irin wannan a kawo mata shi, a zo a ɗauki na gidan. Na ce wa yarinyar ta mayar mini da furfurata da giɓina, da su aka san ni a masallaci. Ta mayar. Har za ta fita na kira ta, na rage murya don kada kakar ta ji, na ce tumbin dai, in da hali, a ɗan taimaka masa.